Poky: fumfunar da ta gaji ciwon numfashi ta wajen uwa

A shekarar 1952, Mary Mitchell da Herschel Mitchell, masu bincike a cibiyar Caltech da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka ba da labarin wata zuriya ta fumfunar da masana ke kira Neurospora crassa. Wannan zuriya ba ta girma kamar 'yan'uwanta. An ba ta abinci iri ɗaya da na kowa, an ajiye ta a ɗumi iri ɗaya, amma sai ta yi kwanaki tana jan jiki kafin ta rufe wurin da lafiyayya ke rufewa cikin yini guda ko biyu. Suka sa mata suna poky. Sai da aka shekara 32 kafin a gano ainihin abin da ya lalace a jikinta, aka kuma ƙara shekara 6 kafin a fahimci yadda ɓarnar ke aiki. A tsakanin waɗannan shekaru, wannan fumfuna mai nawa ta taimaka wajen amsa tambayoyin da suka shafi duk wata halitta mai shaƙar iska, har da mu.

Neurospora fumfuna ce mai launin lemo, mai son tsirowa a jikin itace da ciyawar da wuta ta babbake, kamar karan rake bayan an ƙona gona. George Beadle da Edward Tatum ne suka fito da darajarta a 1941, da suka yi amfani da ita wajen nuna cewa kowace ƙwayar gado tana da inzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki na sinadarai a jiki, da take ba da umarnin ƙerawa, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1958. Abin da ya sa masu bincike ke son ta a fili yake. Ba ta buƙatar komai sai sukari, gishirin ma'adinai da sinadarin bayotin kaɗan. Kwafi ɗaya take da shi na kowane kuromosom, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa, guda 7, don haka duk wani sauyin gado da ya same ta nan take yake bayyana, babu kwafi na biyu da zai rufa masa asiri. Ana auna saurin girmanta a cikin dogon bututun gilashi da aka shimfiɗa wa abinci: a shuka ta a baki ɗaya, kullum a zo a ja layi a inda zarenta ya kai. Lafiyayya kan ci milimita 3 zuwa 4 a awa ɗaya a ɗumin ɗaki. Layukan poky kuwa, musamman a kwanakin farko, kusan manne suke da juna. Daga baya sai ta riƙa ƙara sauri sannu a hankali. Wannan farfaɗowa a makare alama ce mai muhimmanci, kuma za a ga dalilinta can gaba.

Auren da ya ƙi bin ƙa'idar Mendel

Nawa kaɗai ba abin mamaki ba ne, domin akwai zuriyoyi da yawa masu jinkirin girma a ɗakunan gwaje-gwaje. Abin da ya ja hankali shi ne yadda ciwon ke bin zuriya.

Neurospora tana da jinsin aure biyu, A da a, kuma dole sai an haɗa masu jinsi daban kafin a sami 'ya'ya. Amma kowanne daga cikinsu yana iya zama uwa, yana iya zama uba. Wadda aka fara shukawa a faranti, ta yi girma ta fitar da 'yan ƙulle-ƙullen haihuwa, ita ce uwa. Wadda aka ɗebo garin irinta aka barbaɗa a kai ita ce uba. Daga kowane ƙullin uwa wani siririn gashi ke fitowa ya kama ƙwayar garin uba, cibiyar ƙwayar halittar uban ta bi ta cikinsa ta shiga. Kusan abin da uba ke bayarwa ke nan: cibiya da kuromosom ɗin da ke cikinta. Ruwan jikin ƙwayar halitta da duk abin da ke yawo a cikinsa daga uwa yake zuwa. A ƙarshe ana samun 'yan jakunkuna dogaye, kowace ɗauke da ƙwayoyin iri 8 a jere. Mai bincike kan zaro su ɗaya bayan ɗaya da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya gasa su a zafin digiri 60 na rabin awa domin su farka, sannan ya shuka kowace daban.

Idan sauyin gado a cikin kuromosom yake, lissafin ba ya sauyawa: huɗu su ɗauko uwa, huɗu su ɗauko uba, ko wa aka sa a matsayin uwa, kamar yadda ƙa'idar Mendel, wato ƙa'idar rabuwar halayen gado tsakanin 'ya'ya, ta tanada. Da su Mitchell suka sa poky a matsayin uwa, lafiyayya a matsayin uba, duka takwas ɗin suka fito da nawa. Da suka juya, lafiyayya ta zama uwa, poky ta zama uba, duka takwas suka fito lafiya lau. A cikin waɗannan jakunkuna dai, sauran halayen da aka san suna kan kuromosom, kamar jinsin aure, sun rabu huɗu da huɗu yadda aka saba. Ke nan cibiyar uba ta shiga, ta yi aikinta, amma ba ta ɗauke da ciwon, ba ta kuma ɗauke da maganinsa. Duk abin da ke haddasa nawar poky yana cikin ruwan jikin da uwa ke bayarwa.

A ra'ayina wannan gwaji ya cancanci a koya wa kowane ɗalibin ilimin halittu, saboda tsabtarsa. Ba a buƙaci wata na'ura mai tsada ba. Aure biyu aka ɗaura, aka juya matsayin iyaye, aka ƙirga 'ya'ya. Kuma an yi shi ne a lokacin da manyan masana ilimin gado da yawa ke kallon duk wata maganar gado a wajen kuromosom da shakka. Shekara uku kafin nan, a 1949, Boris Ephrussi da abokan aikinsa a birnin Paris sun ba da labarin wani yis mai yin ƙananan tsibi a faranti, wanda aka sani da petite, shi ma ba ya bin ƙa'idar Mendel, shi ma numfashinsa ya lalace. Halittu biyu daban, a nahiyoyi biyu, suna nuni zuwa wuri guda.

Abin da haske ya nuna

Numfashin da ake nufi a nan ba shiga da fitar iska ta hanci ba ne. Shi ne aikin da ƙwayar halitta ke yi da iskar oksijin bayan ta iso gare ta, kuma a cikin wasu ƙananan gaɓoɓi ake yin sa, waɗanda ake kira maitokondiriya. Kowace tana da tantani biyu, na waje da na ciki. Idan aka farfasa sukari, ana kwashe ilektoron daga jikinsa a ɗora wa wani sinadari mai suna NADH, shi kuma ya kai su bakin wata sarƙar furotin da ke dashe a tantanin ciki. Ilektoron na shiga ta tasha ta ɗaya, su wuce zuwa wani ɗan sinadari mai yawo cikin kitsen tantani, yubikwinon, daga nan zuwa tasha ta uku inda saitokurom b yake, sai saitokurom c ya karɓa ya kai tasha ta huɗu. A tasha ta huɗu, wadda ke ɗauke da saitokurom a da a3, ake miƙa ilektoron ga oksijin, ruwa ya samu. A tashoshi uku daga cikin waɗannan, wato ta ɗaya, ta uku da ta huɗu, ƙarfin da ilektoron ke saki ana amfani da shi ne wajen tura ƙwayoyin haidurojin masu caji zuwa ɗaya gefen tantani: huɗu, huɗu, da biyu, jimilla goma a kan kowane NADH. Sukan taru a can kamar ruwa a bayan madatsa, kuma idan suka kwararo baya ta cikin inzayim mai ƙera ATP sai su juya shi yadda ruwan Kainji ke juya injin wuta. ATP ɗin nan da shi ƙwayar halitta ke biyan kuɗin kowane aiki, har da miƙa zare gaba a cikin bututun gilashi. Peter Mitchell na Ingila, wanda ba shi cikin su Mitchell na Caltech, shi ya kawo wannan bayani na tara haidurojin a 1961, wato shekara tara bayan gano poky.

Saitokurom furotin ne masu ɗauke da ƙarfe a cikin wani zobe irin wanda ke sa jini ja, don haka suna da launi, kuma kowane yana shanye haske a wurin da ya keɓanta da shi. David Keilin ya bayyana su a Cambridge a 1925, bayan ya ga wasu baƙaƙen layuka a cikin hasken da ya ratsa tsokar ƙwaro da kuma yis, layukan da ke fitowa idan iska ta ƙare, su ɓace idan aka girgiza da iska. Idan aka duba lafiyayyar Neurospora da na'urar rarrabe haske, ana ganin layin saitokurom a wajen nanomita 605 (nanomita ma'auni ne na tsawon igiyar haske), na b wajen 560, na c a 550.

A 1953 Francis Haskins da Alfred Tissières, tare da su Mitchell, suka duba poky ta wannan hanya. A poky mai tasowa, layukan a da b sun dushe ƙwarai, kusan babu su. Layin c kuwa ya yi kauri fiye da kima, domin saitokurom c ya taru ninki-ba-ninki a kan abin da lafiyayya ke da shi. Yayin da shukar ke tsufa tana ƙara sauri, a da b kan fara dawowa, rarar c kuma ta ragu.

Nan ne nake ganin zuciyar lamarin take. Biyu sun ɓace, ɗaya ya yi yawa. Me ya haɗa a da b, ya ware c? Ba maƙwabta ba ne a sarƙar, domin c ne ma a tsakaninsu. Ba kuma ƙarancin ƙarfe ba ne, tunda c ma ƙarfe yake ɗauke da shi, ga shi kuma ya yi yawa. Amsar tana rubuce ƙarara a cikin waɗannan layuka uku tun 1953, sai dai a lokacin babu wanda ke da ilimin da zai karanta ta, domin ba a ma san maitokondiriya na da DNA nata ba, wato sinadarin da umarnin gado ke rubuce a jikinsa.

A wannan shekarar dai su Mitchell da Tissières suka ƙara dagula lissafin da wasu zuriyoyi. Ɗaya, wadda aka sani da mi-3, ita ma ta uwa ake gadonta, amma saitokurom a da a3 kawai ta rasa, b ɗinta na nan. Wasu biyu, waɗanda daga baya aka sa wa suna cyt-1 da cyt-2, suna da nakasar saitokurom su ma, amma huɗu da huɗu suke rabuwa, wato nasu ciwon a kuromosom yake. Abin da wannan ya nuna shi ne sarƙar numfashi iyayengiji biyu gare ta, ɗaya a cibiya, ɗaya a waje. A 1956 kuma su Mitchell suka samo wani sauyin gado a cibiya, mai suna f, wanda idan ya haɗu da poky sai ta yi saurin girma kusan kamar lafiyayya, alhali saitokurom ɗinta bai gyaru ba.

Me ya sa ba ta mutu ba

Yis ɗin burodi idan numfashinsa ya lalace yana da mafita: sai ya koma rayuwa a kan tsima sukari, irin tsimin da ke kumbura kwaɓin fulawa. Shi ya sa petite ke rayuwa ko da ya rasa DNA ɗin maitokondiriya gaba ɗaya, muddin akwai sukari. Neurospora ba ta da wannan gata. Ba ta girma idan babu oksijin. To zuriyar da tashoshinta na uku da na huɗu suka kusa mutuwa, da me take numfashi?

Guba ce ta ba da amsa. Sayanaid, gubar nan da ke fitowa daga rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa ba, ba a tsima ba, ba a shanya yadda ya kamata ba, tana kisa ne ta hanyar manne wa ƙarfen saitokurom a3, ta tare wa oksijin wurin zama. Idan aka zuba ta a kan lafiyayyar Neurospora, shan oksijin kan tsaya kusan cak. Tun a shekarun 1950 Tissières da abokansa suka lura cewa poky ba ta jin wannan guba yadda ya kamata. A 1971 Alan Lambowitz da Carolyn Slayman, a jami'ar Yale, suka bi diddigin abin. Sun nuna cewa a cikin maitokondiriyar poky akwai hanya ta biyu da ke ɓallewa daga sarƙar kafin a kai ga saitokurom b, ta kai ilektoron ga oksijin kai tsaye. Sayanaid ba ya taɓa ta, haka ma antimaisin, gubar da ke toshe tasha ta uku. Wani sinadari daban, wanda ake taƙaita sunansa da SHAM, shi ke toshe ta. Sai an haɗa sayanaid da SHAM numfashin poky ke tsayawa gaba ɗaya.

Furotin ɗin da ke wannan aiki shi ake kira oksides na madadi, a taƙaice AOX. Yana karɓar ilektoron daga yubikwinon, ya haɗa su da oksijin, ruwa ya fito, amma ba ya tura haidurojin ko ɗaya. Ƙarfin da ya kamata tasha ta uku da ta huɗu su tara, zafi yake zama ya tafi. Abin da ke ceton Neurospora shi ne tana da tasha ta ɗaya cikakkiya, wadda yis ɗin burodi ba shi da ita. Muddin AOX na kwashe ilektoron daga yubikwinon, tasha ta ɗaya za ta ci gaba da tura nata huɗun. Huɗu ke nan daga cikin goma: ya isa a rayu, bai isa a yi sauri ba. Kuma kada a manta tasha ta ɗayan ma ba ta tsira daga ciwon poky sarai ba, kamar yadda za a gani.

Wani abin da Lambowitz da Slayman suka gano ya fi wannan nisa. Hanyar madadi ba ta poky kaɗai ba ce. Lafiyayyar Neurospora ma tana da ikon buɗe ta, sai dai a kulle take. Idan aka shuka lafiyayya a cikin kuloramfenikol, maganin ƙwayoyin cuta da aka daɗe ana amfani da shi wajen zazzaɓin taifot, sai saitokurom a da b su ragu, c ya ƙaru, numfashin da ba ya jin sayanaid ya bayyana. Wato lafiyayya ta koma kamar poky har zuwa lokacin da aka janye maganin. Ƙwayar gadon AOX, mai suna aod-1, a cibiya take. Rukunin Frank Nargang a jami'ar Alberta ta Kanada ne suka fito da ita a 1996, daga baya kuma suka nuna cewa wasu furotin biyu, AOD2 da AOD5, su ne ke zama a gabanta su kunna ta idan sarƙar saitokurom ta samu cikas. Ma'ana saƙo na tashi daga maitokondiriya mai ciwo ya isa cibiya, cibiya ta aiko da taimako. Tarin saitokurom c ma daga cibiya yake fitowa.

Daga saitokurom zuwa harufa huɗu

Gwajin kuloramfenikol ya nuna inda za a duba. Wannan magani yana toshe raibosom na bakteriya, wato injin da ke ƙera furotin, kuma yana toshe raibosom ɗin da ke cikin maitokondiriya, domin asalinsu ɗaya. Ba ya taɓa raibosom ɗin da ke cikin ruwan jikin ƙwayar halitta. Idan toshe raibosom na maitokondiriya na haifar da kamannin poky, to akwai alamar nata raibosom ɗin ne ke da matsala.

Kafin a kai nan, sai da wasu ginshiƙai suka tsaya. A 1964 David Luck da Edward Reich, a cibiyar Rockefeller ta birnin New York, suka nuna akwai DNA a cikin maitokondiriyar Neurospora, bayan shekara biyu kuma suka nuna ta uwa ake gadonsa. A 1965 Elaine Diacumakos, Laura Garnjobst da Tatum suka tace maitokondiriya daga wata zuriya mai ciwon girma, suka yi wa lafiyayyen zare allurarta, ciwon ya kama shi. A farkon shekarun 1970 kuma, Hanns Weiss da Walter Sebald a birnin Munich na Jamus suka nuna cewa wasu sassan tasha ta huɗu da furotin ɗin saitokurom b a cikin maitokondiriya ake ƙera su.

Da wannan, layukan 1953 suka karantu. DNA ɗin maitokondiriyar Neurospora, mai harufa kusan 65,000 (harufa su ne ƙananan sinadaran da ke jere a DNA suna rubuta umarnin gado), yana ɗauke da umarnin saitokurom b, da manyan sassa uku na tasha ta huɗu, da sassa bakwai na tasha ta ɗaya, da wasu sassan inzayim mai ƙera ATP. Duk waɗannan sai raibosom na cikin gida ya ƙera su. Saitokurom c kuwa umarninsa a cibiya yake, a waje ake ƙera shi sannan a shigo da shi. Abin da ya haɗa a da b ya ware c shi ne wurin ƙira.

A 1971 Mary Rifkin da Luck suka auna raibosom ɗin maitokondiriyar poky. Kowane raibosom ɓari biyu gare shi, babba da ƙarami, kowane da RNA nasa, wato zaren da ake kwafowa daga DNA: na babba ana kiransa 25S, na ƙarami 19S. A poky mai tasowa, babban ɓari na nan da yawa, ƙaramin ne ya yi ƙaranci matuƙa. Yayin da shukar ke tsufa sai ƙaramin ya riƙa taruwa. Ga dalilin farfaɗowar nan a makare: injin bai mutu ba, ƙaranci ya yi, kuma idan aka ba shi lokaci yakan tara abin da zai ɗan wadatar.

Daga nan bincike ya yi shekara goma sha uku yana laluben dalilin ƙarancin, kuma an bi hanyoyin da ba su ɓulle ba. An zargi wasu ƙananan gyare-gyaren sinadarai da ake yi wa RNA bayan an kwafe shi. An zargi wani furotin na ƙaramin ɓari mai suna S5, wanda shi kaɗai ne cikin furotin ɗin raibosom ake ƙerawa a cikin maitokondiriya, kuma lallai an ga ya yi ƙaranci a poky. Zargin yana da ma'ana, sai dai akwai tarko a cikinsa: idan raibosom ya yi ƙaranci, duk abin da yake ƙerawa zai yi ƙaranci, har da S5. A tsarin da injin ke ƙera wani sashe na kansa, raba sanadi da sakamako yana da wuya ƙwarai, kuma ban ga laifin waɗanda suka tsaya a nan ba.

Sai da fasahar karanta jerin harufan DNA ta samu aka warware. A 1984 Robert Akins da Lambowitz, a jami'ar Saint Louis, suka karanta yankin da ke ɗauke da umarnin RNA na 19S, mai tsawon harufa kusan 2,000. A daidai bakin farkonsa, poky ta rasa harufa 4. Sauran zuriyoyin da Helmut Bertrand da Thad Pittenger suka sa a rukuni ɗaya da poky, saboda kamannin girma da na saitokurom, su ma an same su da wannan giɓi. A 1990 rukunin Lambowitz ya nuna abin da giɓin ya ɓata. Akwai wani jeri na harufa 15 da inzayim mai kwafe DNA zuwa RNA ke ganewa a matsayin wurin farawa, kuma harufa huɗun nan a cikinsa suke. Da suka ɓace, inzayim ɗin ya daina tsayawa a nan. Ɗan abin da poky ke samu na 19S yana zuwa ne daga wuraren farawa da ke can baya, a kwafo dogon RNA sannan a datse shi, kuma datsewar ba ta faɗawa daidai inda ya kamata.

Idan aka jera abin daga tushe: harufa 4 sun ɓace, RNA na ƙaramin ɓari ya yi ƙaranci, raibosom ya yi ƙaranci, furotin ɗin da ake ƙerawa a ciki suka ragu, saitokurom a da b suka dushe, cibiya ta ƙara c ta kuma buɗe AOX, ATP ya ragu, zare ya yi nawa. Babu ƙwayar gadon saitokurom ko ɗaya da ta lalace a poky. A mi-3 ne aka sami hakan: a 1986 Edmond Lemire da Nargang suka nuna harafi ɗaya ne ya sauya a umarnin babban sashe na tasha ta huɗu, shi ya sa a da a3 kaɗai abin ya shafa.

Inda lamarin ya taɓa mutum, gona da garke

A 1980 aka tabbatar DNA ɗin maitokondiriyar ɗan'adam ma ta uwa ake gadonsa, a 1981 aka karanta shi duka, harufa 16,569. A 1988 Douglas Wallace da abokansa suka danganta wata makanta da ke bin zuriyar uwa, ciwon Leber, da sauyin harafi ɗaya a wannan DNA. Wanda ya fi kusa da poky shi ne abin da aka gano a 1993: sauyin harafi a wuri na 1555, a cikin RNA na ƙaramin ɓarin raibosom na maitokondiriya, takwaran wanda ya yi wa poky ƙaranci. Masu ɗauke da shi na iya kurancewa idan aka yi musu allurar magunguna irin su jentamaisin da sitireftomaisin, domin sauyin kan sa raibosom ɗinsu ya ƙara kama da na bakteriya. Saboda haka idan a dangin uwa akwai wanda ya kurance bayan irin wannan allura, ya kamata likita ya sani kafin ya rubuta ta.

A gona, magungunan feshi na dangin sitirobilurin, irin su azoxystrobin da ya shiga kasuwa a 1996, suna kashe fumfunar amfanin gona ne ta toshe saitokurom b. Cikin 'yan shekaru aka fara samun fumfunar da ba ta jin su, galibi saboda sauyi ɗaya a wuri na 143 na wannan furotin, sauyin da ke zaune a DNA na maitokondiriya. Masu gwada ƙarfin waɗannan magunguna a faranti kan ƙara SHAM, domin in ba haka ba fumfuna da yawa kan buɗe AOX su ci gaba da girma, sakamakon ya ruɗe.

Sai tirifanosoma, ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, wadda saboda ita aka kafa cibiyar bincike a Kaduna. A cikin jinin mutum ko dabba, Trypanosoma brucei ba ta da saitokurom mai aiki. Duk oksijin da take sha ta hannun AOX nata yake bi. Abin da poky ke komawa gare shi don dole, a wajen wannan ƙwayar cuta shi ne kaɗai hanya, mutum da saniya kuwa ba su da wannan furotin ko kaɗan. Shi ya sa masu neman magani suka sa masa ido. Sinadarin da ya fi kowane ƙarfin toshe shi cikin waɗanda aka samo daga halittu, askofuranon, wata fumfuna ce ke ƙera shi, kuma masana a Jafan ne suka gano shi tun a shekarun 1970. Ya warkar da ɓerayen gwaji masu ɗauke da cutar. A 2013 rukunin Kiyoshi Kita ya fito da siffar AOX na tirifanosoma da wani ɗan'uwan askofuranon manne a jikinsa, a 2019 kuma aka gano ƙwayoyin gadon da fumfunar ke ƙera sinadarin da su, abin da ya buɗe hanyar samar da shi da yawa don gwaji a kan dabbobin kiwo.